Idan Mota Ta Mutu a Damargu: Abin da Direba Ya Gada Daga Madugu

Hanyar da ta tashi daga Damagaram ta bi ta Bakin Birji da Sabon Kafi da Tanut da Aderbisinat kafin ta faɗa Agadas ta kai kimanin kilomita 450, kuma da wuya a bi ta daga farko har ƙarshe ba a ga mota tsaye a gefe ba, an tokare tayoyinta da duwatsu, an zuba rassan itace a kan hanya don masu zuwa su rage gudu, direba da yaransa suna kwance a ƙarƙashinta. Mutane da yawa suna kallon wannan a matsayin shaidar talauci da lalacewar hanya, kuma ba su yi ƙarya ba. Sai dai tarihin ƙasar Damargu, wadda a yau ta ƙunshi yankunan Tanut da Belbeji, yana nuna wani abu da ya fi wannan zurfi. Tun zamanin raƙumi har zuwa zamanin injin mai kwamfuta, abin da ke fid da matafiyi daga halaka idan abin hawansa ya gaza ba ƙarfin abin hawan ba ne, ba kuma kaurin aljihu kaɗai ba. Tsarin ayari ne: a tafi tare, a san da tafiyarka a zangon baya da na gaba, wanda ya iske ka tsaye ya tsaya, sannan a sami mai sana'a a inda aka sauka. Mota ta gaji wannan tsari daga raƙumi, kuma duk lokacin da aka karya shi, ƙaramin lahani yakan zama ajali.

Dalilin da ya sa wannan darasi ya fi fitowa fili a Damargu shi ne wurin da Allah ya ajiye ta. Nan ne gonakin gero na ƙarshe ga mai zuwa arewa, nan ne kuma rumbu na farko ga wanda ya fito daga Abzin. Har dokar 1961 da ta shata iyakar noma ta arewa a Nijar ta wannan yanki ta ratsa. A da can, Abzinawan Kel Owi sun dogara da hatsin Damargu, kuma a nan raƙumansu ke hutawa su yi kiwo tsakanin tafiyar gishirin Bilma da tafiyar Kano. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya biyo ayarin gishiri ya iso Damargu a watan Janairu na 1851, a nan ya rabu da abokan tafiyarsa, Richardson da Overweg, kowa ya kama tasa hanya, domin daga nan ƙasar ta zama wadda mutum zai iya ratsawa da 'yan rakiya kaɗan. Arewa da nan kuwa ba mai hankalin da zai yi haka. Fataken Tarabulus da Gadamas ba su cika kawo kaya Kano a kan raƙumin da suka taso da shi ba. Sufuri ake yi mataki-mataki, ana canza dabbobi a Gat da Abzin. Raƙumin da tafin ƙafarsa ya tsage sai a ɗinka masa fata, wanda sirdi ya ci wa baya a rage masa kaya a rarraba wa sauran, wanda ya kasa gaba ɗaya a yanka shi kafin ya zama mushe, ko a bar shi amana wurin makiyayi har a dawo. Madugu ke yanke hukuncin tsayawa ko tashi, jagaba ya san rijiyoyi, maƙeri na gyara sirdi da sarƙa, mai masauki a gari ya tsaya wa baƙonsa wajen bashi da ciniki. Ba wanda ya ɗauka cewa dabbarsa ba za ta gaza ba. An gina tafiyar ne a kan sanin cewa wata za ta gaza.

Abin da ya sami rundunar Faransa ta Foureau da Lamy ya nuna abin da ke faruwa idan aka zo da ƙarfi ba tare da wannan tsari ba. Sun taso daga kudancin Aljeriya a ƙarshen 1898 da raƙuma wajen dubu da ɗaruruwan sojoji, amma kafin su gama da Abzin yawancin dabbobin sun mutu, mutanen ƙasa kuma suka ƙi ba su wasu. Sai da suka ƙona kayansu da hannunsu, suka yi watanni a maƙale, kafin su ratso Damargu su iso Damagaram a watan Nuwamba na 1899. Bindiga suna da ita, kuɗi ma suna da shi. Abin da suka rasa shi ne wanda zai musanya musu raƙumi da yardar rai. Bayan haka kasuwar ayarin arewa ta shiga faɗuwa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kayan Turai suka koma shigowa ta Legas da araha, sannan yaƙin Kawusan na 1916 zuwa 1917 da ramuwar gayyar da Faransa ta yi bayansa suka watsa mutanen Abzin da garkunansu. Mai kallo daga nesa zai ce tsarin ayari ya mutu a nan.

Amma da mota ta zo, ba ta sami wata dabara da ta fi shi ba. Motoci biyar na kamfanin Citroën masu sarƙa a maimakon tayoyin baya ne suka fara ratsa Sahara daga Tugurt zuwa Tumbutu a ƙarshen 1922 da farkon 1923, sannan wasu takwas suka taso a 1924 suka bi ta Yamai da Tasawa da Damagaram zuwa tafkin Cadi. Jaridun Faransa sun yi ta yabon injin, alhali sirrin nasarar shi ne an riga an jibge mai da kayan gyara a zanguna tun kafin a tashi, kuma kowace mota da bakanikenta, ba kuma wadda ke tafiya ita kaɗai. Da Georges Estienne ya kafa kamfanin sufurinsa a 1933, wanda motocinsa ke tasowa daga birnin Aljir su bi ta Tamanrasat da Agadas da Damagaram har Kano, sai mahukuntan mulkin mallaka suka ɗora wa mai motar kansa sharuɗɗa: ya ɗauki isasshen ruwa da mai, ya sanar da tashinsa a kowane bariki, ya kuma ƙulla yarjejeniyar ceto, ta yadda idan wa'adi ya wuce bai iso ba a tura mota nemansa a kan kuɗinsa. A lokacin tsananin zafi ma rufe hanyar ake yi. Wannan ba kome ba ne illa aikin madugu da mai masauki da aka mayar takarda da wayar iska. Kuma ko da wannan shiri, hamada ba ta yafe wa ƙaramin ayari: a 1955 wasu Turawa huɗu da suka taso daga Kenya a ƙaramar mota Morris da nufin zuwa Ingila sun bi ta Kano da Agadas, yashi da zafin bazara suka kama su a wajajen In Gezam, biyu daga cikinsu ƙishirwa ta kashe su.

Yarjejeniyar ceto ta Bature ce da mai hali. Ga ɗan ƙasa, wata sana'a ce ta tsiro a tasha da bakin kasuwa. Motocin farko da suka shiga ƙasar nan sun zo ba tare da kantin kayan gyara ba, don haka wanda ya san wuta da ƙarfe shi aka fara nema, kuma maƙera, na Hausa da na Buzaye, sun daɗe da sanin yadda ake lanƙwasa ƙarfe a mayar da shi wani abu. Dangantakar ta tafi ta fuska biyu: maƙeri ya gyara wa direba sifirin da ya karye, karyayyen sifirin kuma ya zama ƙarfen da ya fi kowane kyau wajen ƙera wuƙa da gatari da hauya. Ilimin injin kansa a bayan mota aka koye shi. Karen mota yakan shekara da shekaru yana saka weji, yana ɗaure kaya, yana tone yashi a shimfiɗa farantan ƙarfe a ƙarƙashin taya, yana miƙa sifana, kafin a bar shi ya taɓa sitiyari, kuma kafin ya zama direba ya riga ya zama rabin bakanike. Daga nan aka sami dabarun da kowane tsohon direban wannan hanya ya sani: a toshe tankin mai da ya huje da sabulu, a zuba garin barkono ko na taba a lagireto mai yoyo, a ɗaure sifirin da itace da tsinken tub, a ɗora jarka a saman mota mai ya gangaro kafireta idan famfon mai ya ƙi. Idan abin ya fi ƙarfin dabara, sai a kwance ƙarfen da ya lalace a ba yaro ya hau motar da ta fara wucewa zuwa Tanut ko Damagaram, wani lokaci har kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, direba kuma ya zauna gadin kayan mutane kwana da kwanaki, masu wucewa suna ajiye masa ruwa, mutanen ruga suna kawo masa nono. Buɗe mahaƙar yuraniyom ta Arlit a 1971 ya ƙara yawan manyan motoci a arewa, farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 kuma suka raba dubban makiyaya da dabbobinsu, 'ya'yansu da yawa suka koma bin mota da sanin rijiyoyi da taurari da suka gada.

A wannan zamanin ne kuma hanyar ta cika da wasu irin baƙi. Daga shekarun 1970 zuwa ƙarshen shekarun 1980, duk lokacin sanyi matasan Turai kan tsallako teku su gangaro ta Tamanrasat da Asamaka da Arlit. Wasu suna cikin Volkswagen Kombi da aka mayar ɗakin kwana da gado da murhu, wasu a Land Rover, wasu jibge a tsofaffin motocin soja ƙirar Bedford masu zuwa Nairobi, wasu kuma sun koro tsofaffin Peugeot 404 da 504 don su sayar a Nijar su sayi tikitin jirgin komawa. Gasar motoci ta Paris zuwa Dakar, wadda ta fara ratsa Agadas a Janairun 1979, ta ƙara wa hanyar suna. Abin da ke karya motocinsu sananne ne: gargadar hanya tana kwance kusoshi tana karya sifirin, yashi mai laushi yana ƙona kuloci, dutse yana fasa tukunyar baƙin mai, ƙura tana cinye injin, ga kuma nauyin ruwa da mai da ya wuce ƙima. Abin lura shi ne wanda ya fi shan wahala ba lalle mai tsohuwar mota ba ne. Mai Peugeot, ko da ta tsufa, a kowane gareji zai sami wanda ya san cikinta, domin ita ce motar haya ta ƙasar, kuma tun 1975 ake harhaɗa ta a Kaduna. Mai baƙuwar mota mai tsada kuwa yakan yi makonni a Agadas ko Damagaram yana jiran ƙarfe ɗaya ya zo ta jirgi daga Turai. Ingancin mota a wannan hanya bai wuce yawan danginta a ƙasar ba. Da motar Mark Thatcher, ɗan Firayim Ministar Birtaniya ta lokacin, ta karye a hamadar kudancin Aljeriya a Janairun 1982, jiragen sama aka tayar har aka gano shi bayan kwana shida. Sauran matafiya, waɗanda ba 'ya'yan kowa ba, babbar motar da ta biyo baya ce jirginsu.

Za a iya cewa wannan bayani ya yi wa mutanen hanya kwalliya fiye da kima, domin labaran matafiyan wancan lokaci cike suke da kukan tsadar ja da gyara, da kayan da aka ce sababbi ne alhali tsofaffi ne, da motocin da aka bari a daji aka dawo aka tarar an yashe su. Wannan gaskiya ne, kuma ba a musun sa. Amma ayari bai taɓa zama gidan sadaka ba. Fatake suna biyan kuɗin sufuri da na rakiya da na wucewa, wanda ya ƙi biya kuma ya gamu da mahara. Abin da tsarin ya tabbatar shi ne ba za a bar ka ka mutu ba, kuma akwai wanda za ka kai wa ƙara. Direban da ke bin hanyar kowane mako ba a cika cutarsa ba, saboda bakanike ya san gobe ma rana ce, kuma shugabannin tasha suna iya ɓata masa suna daga Tanut har Agadas. Wanda ake yi wa yankan kai shi ne baƙon da ya shigo ba mai masauki, ba harshe, ba kuma za a sake ganinsa ba. Saboda haka wannan suka ba ta rushe hujjar ba, ƙarfafa ta ta yi: gwargwadon shigarka cikin tsarin, gwargwadon kariyarka. Turawan da suka fahimci haka, suka jira a Tamanrasat ko Agadas har suka haɗa motoci uku ko huɗu, suka kuma ɗauki ɗan jagora, su ne suka fi komawa gida da motarsu ko da kuɗinta.

Suka ta biyu ta fi nauyi. Masu ita suna cewa yabon gyaran sabulu da tsinken tub yabon hatsari ne, domin motar da aka ɗaure da waya aka kuma lafta mata buhuna da mutane a sama ita ce ke kifewa ta kashe bayin Allah. A nan dole a rarrabe abu biyu da tsofaffin direbobi suke rarrabewa. Akwai gyaran da manufarsa ita ce a kai gari, akwai kuma gyaran gari. Na farko ceton rai ne a wurin da tsayawa ke nufin ƙarewar ruwa; laifin yana farawa ne lokacin da mai mota, don kwaɗayi ko don rashin jari, ya mayar da shi na dindindin ya sake yin lodi. Madugun da ya san aikinsa ba ya ɗora wa raƙumi mai ɗinkakkiyar ƙafa cikakken kaya. Karyewar darajar kuɗin sefa a Janairun 1994, wadda ta ninka farashin kayan gyaran da ake shigowa da su, ta tura masu motoci da yawa ga jabun kaya da na hannu, kuma abin da ya biyo baya ba laifin basirar bakanike ba ne. Laifin rashin mai cewa a sauke kaya ne, wato rashin ikon da a da yake hannun madugu.

Suka ta uku ita ce ta zamani: an shimfiɗa kwalta, wayar salula ta shiga ƙauyuka, akwai ta tauraron ɗan Adam a hamada, Toyota Hilux ba ta cika mutuwa ba, ga matatar mai ta SORAZ a cikin yankin Tanut kanta tun 2011, to me ya rage na ayari? Amsar tana cikin abin da ya faru a watan Oktoba na 2013, lokacin da aka tsinci gawawwaki 92 a arewacin Arlit kusa da iyakar Aljeriya, 52 daga cikinsu yara, yawancinsu mutanen yankin Kance a jihar Damagaram. Motoci biyu ne suka lalace, abin da ke faruwa kullum a wannan hanya. Bambancin shi ne tafiyar ta ɓoye ce, an kauce wa hanyar da kowa ke bi, ba bariki da ya san da tashinsu, ba mai jiran isowarsu da zai ce sun makara. Dokar hana safarar baƙin haure ta 2015, wadda aka soke a Nuwamban 2023, ta ƙara tura direbobi nesa da rijiyoyi da ayarin da sojoji ke rakawa, kuma a shekarun da ta yi tana aiki an sha samun fasinjojin da aka zubar a hamadar Tenere bayan mota ta mutu. Waya tana kai kira, amma sai da mai amsawa da zai taso. Injin zamani kuma, da ya fi na da ƙarko, ya fi shi taurin kai idan ya tsaya, domin lahanin da ke cikin kwamfutarsa ba ya jin sifana. Turawa masu motocin kwana ma ba lalacewar inji ce ta kore su ba: tawayen Abzinawa na 1990 zuwa 1995, da yaƙin basasar Aljeriya da ya fara a 1992, da sace masu yawon buɗe ido 32 a kudancin Aljeriya a 2003, su suka kashe amanar hanya, kuma da amana ta tafi, ingancin mota bai dawo da kowa ba.

Belbeji, wadda ke cikin kwarin Tarka yamma da Tanut kuma ta zama yanki mai cin gashin kansa a 2011, tana daga wuraren da wannan gado yake aiki a sarari, saboda ba ta bakin babbar kwaltar. Motocin da ke ɗebo dabbobi da hatsi ranar kasuwa suna bin burji da yashi, damina ta yanke musu hanya, rani ya dafa musu injin, kuma direbobinsu sun san juna, sun san wanda ya tashi da wanda bai iso ba. Idan hukuma tana son rage rayukan da ake asara a hanyoyin Damargu da arewacinta, tarihin shekaru fiye da 150 ya nuna inda ya kamata ta sa kuɗinta bayan kwalta: a gyara rijiyoyin kan hanya, a sauƙaƙa wa matafiyi bayyana tafiyarsa ba tare da tsoron tatsa a shingaye ba, a ba ƙungiyoyin direbobi ikon hana lodin ganganci, a kuma koya wa yaran gareji karanta injin mai kwamfuta kafin motocin da suka iya gyarawa su ƙare. Babbar hanyar da ake fatan ta haɗa Aljir da Legas ta Tanut za ta rage kwanakin tafiya, amma ba za ta hana inji tsayawa ba, kuma ranar da ya tsaya, rayuwar fasinja tana hannun mutanen da suka san da shi a hanya da waɗanda suka ɗauki tsaya masa a matsayin wajibi.